Faifan da Na Karya a Tsakar Gida

Akwai abin da na yi wa ɗana a shekarar 2013 wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ga ya dace in rubuta shi a nan, don na san yawancin masu karanta wannan mujalla irina ne: mu fita da asuba mu dawo bayan isha'i, ko mu yi mako uku a hanya tsakanin Lome da Maraɗi, mu bar yara a hannun iyayensu mata da allon kallo.

Ina zaune a unguwar Zongo, yamma da birnin Wagadugu, sana'ata sayar da atamfa da shadda. A lokacin da nake magana wutar lantarki ba ta iso layinmu ba, da batirin mota muke kunna fitila, in ya mutu a ɗora shi a bayan keke a kai caji. Wata tafiya da na yi Lome na sayo wa yara ƙaramar na'urar kallon faifai, mai allo kamar littafi, da niyyar su riƙa sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi. Ɗana na biyu, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina ya ci, shi aka damƙa wa kula da ita. Shekararsa 13, bai daɗe da shiga kwaleji ba.

Wani dare na dawo daga tafiya ba su san ina tafe ba. Na tarar da yara kusan takwas a kan tabarma, namu da na maƙwabta, sun haɗa kai wuri ɗaya, ko sallamata ba wanda ya ji. Na leƙa ta bayansu. Sai na ga wani saurayi Bature ya miƙa hannu, yana furta wasu kalmomi da ba Faransanci ba ne, idanunsa suka koma launin zinariya, wuta ta tashi. A gefen tabarmar kuma ga wani ɗan maƙwabcinmu, bai fi shekara biyar ba, shi ma ya miƙa hannu wajen randa yana kwaikwayon kalmomin. Wallahi gabana ya faɗi. Ban ce da kowa komai ba, na buɗe na'urar, na zare faifan, na karya shi biyu a gwiwata. Yaran maƙwabta suka watse. Abba bai yi kuka ba. Ya durƙusa ya tsince ɓarayin, ya shige ɗaki. Daga baya na ji kuɗin karin kumallonsa ya yi ta tarawa har ya kai dala ɗari, wato sefa 500, ya saye shi.

Kada mai karatu ya ɗauka tsorona na banza ne. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa. Mun karanta labarin Haruta da Maruta a Suratul Baƙara, kuma ba ma barin yaro ya kwanta bai karanta Falaƙi da Nasi ba. Har gobe ina kan wannan. Kuskurena wani ne daban: na yanke hukunci ban tambayi yaron ko kalma ɗaya ba.

Mako biyu Abba yana gaishe ni, yana cin abinci, yana zuwa aike, amma hira ta ƙare tsakaninmu. Mahaifiyarsa ce ta ce da ni wata safiya tana zuba mini koko: "Alhaji, ka karya faifai, to ka san abin da ke cikinsa?" Na ce sihiri ne. Ta ce, "Minti nawa ka kalla?" Na yi shiru, don ko minti ɗaya bai cika ba.

Ranar na bi ta wajen masu sayar da faya-fayai a gefen kasuwa, na kwatanta wa wani yaro abin da na gani. Ya yi dariya ya ce ai Merlin ne, ba abin da yake sayarwa kamarsa. Na saya, na ɗauke na'urar daga gida na kai shago, in rana ta take ciniki ya kwanta sai in kunna in rage murya. Faransancina na kasuwa ne, amma ya ishe ni bin labari.

Ga waɗanda ba su san shi ba, gidan talabijin na BBC a Ingila ne ya shirya shi, ya fara fita a watan Satumba na 2008, ya ƙare ranar 24 ga Disamba 2012. Zango biyar ne, kowanne kashi 13, duka 65. Tsohon labarin Turawa ne na Sarki Artur da bokansa Merlin, amma aka maido su samari. Merlin ɗan ƙauye ne da aka haifa da baiwar sihiri, bai koya wurin kowa ba. Uwarsa ta ji tsoron abin da mutanen ƙauye za su yi masa, ta tura shi birnin Kamelot wurin wani tsoho, Gayus, likitan fada. Ranar da ya shiga birnin abin da ya fara gani shi ne ana sare kan wani mutum a dandali, laifinsa sihiri, domin Sarki Uter ya haramta shi shekara ashirin da suka gabata, hukuncinsa kisa. Bai daɗe ba ya yi faɗa da yarima Artur, aka ɗaure shi a turu ana jifansa da ruɓaɓɓen kayan lambu. Sannan ya ceci ran yariman daga wuƙar da aka jefo masa, sai sarki ya saka masa da mayar da shi baran yarima. Daga nan har ƙarshe haka abin yake: yana goge takalmi da sulke, yana shan zagi, yana ceton maigidansa a ɓoye, wani ya karɓe yabon.

Na zauna ne don in nemo hujjar da zan kare kaina a gaban matata. Abin da na fara cin karo da shi kaina ne.

A cikin labarin an bayyana dalilin da ya sa Uter ya tsani sihiri haka. Ashe shi da kansa ya taɓa neman sa. Matarsa ba ta haihuwa, ya je wurin wata matsafiya don ya sami magaji. Aka haifi Artur, uwar ta mutu wurin haihuwa, domin a ƙa'idar tsafin rai da rai ake biya. Maimakon ya amsa laifinsa, sai ya huce a kan duk wani mai sihiri a ƙasar, ya kuma ɓoye wa ɗansa gaskiya. Da na kai wannan wuri na kashe na'urar, na daɗe zaune ina kallon titi.

Dalili kuwa shi ne shekarar 2003. Duk ɗan kasuwar Wagadugu ya san ta. Ranar 27 ga Mayu babbar kasuwarmu ta Rood Woko ta ƙone, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Kayana na ciki, har da na bashi. A shekarar nan kuma aka rushe Zangwatin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar gari, inda aka haife ni, inda kakana ya sauke kayansa a zamanin fataucin goro, don a gina sabuwar cibiyar kasuwanci a wurin. Wasu aka ba su filaye a Waga 2000, wasu a Niyoko. Gidanmu na gado ne mai magada da yawa, abin da ya zo hannuna shi ya kawo ni nan Zongo. Cikin wannan ruɗu wani abokin ciniki ya kai ni wurin wani mutum a bayan gari, wai yana da maganin buɗin kasuwa. Na je sau uku. Na ba shi kuɗin da ya kamata in biya bashi da su, ya ba ni wani ƙulli na binne a ƙofar rumfar da na kama. Ba abin da ya buɗe sai aljihuna. Daga baya na tone shi na ƙone, na tuba, ban gaya wa kowa ba, ko matata. To ka ji mutumin da ya karya faifan yaro saboda sihirin da kwamfuta ta zana. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne a cikin 'yan kasuwa. Da za a ɗaga tabarmar rumfuna da yawa, da an ga abin mamaki.

Abu na biyu da na lura da shi ya fi wannan tsaya mini a rai. A fadar akwai wata yarinya, Morgana, wadda sarki yake riƙo. Ita ma tana da irin baiwar Merlin, amma ba ta san mene ne ke damunta ba. Tana mafarkai masu ban tsoro, su kuma tabbata. Ta kai kuka wurin Gayus, shi kuwa ya gane, amma ya ɓoye mata, sai dai ya ba ta maganin barci. Da farko yarinya ce mai tausayi, ita ke tsaya wa talakawa a gaban sarki. Da ta rasa mai gaya mata gaskiya a cikin gida, sai ta samu a waje, wurin wata 'yar'uwarta matsafiya, wadda ta juyar da ita har ta zama babbar maƙiyar Kamelot. Merlin kuwa kullum in ya dawo da dare akwai tsohon da ya san sirrinsa, su ci abinci tare, ya yi masa faɗa, ya ba shi shawara, ya rufa masa asiri. Yara biyu, damuwa iri ɗaya, gida ɗaya. Wanda ya sami babban da zai saurare shi ya tsira da halinsa, wadda aka rufe wa baki da magani ta lalace.

Ranar Asabar na ce Abba ya hau bayan moto ya raka ni shago. Na zaɓi moto da gangan, don yaro ya fi sakin baki in ba a kallon idonsa. Muna tafiya na ce, "Na kalli Merlin ɗinka."

Ya yi shiru.

Na ce, "Abba, so kake ka iya sihiri?"

Ya ce, "Baba, ai kowa ya san ƙarya ce. Dodon ma da kwamfuta aka yi shi. Fadar kuma tana Faransa, mutane na zuwa yawon buɗe ido."

Da gaskiyarsa, tsohuwar fadar Piyarfon ce, arewa da Faris, a can aka ɗauki hotunan Kamelot. Na ce, "To me kake so a ciki har ka hana cikinka karin kumallo?"

Sai da muka wuce shataletale biyu kafin ya ce, "Yana tare da su kullum, amma ba su san ko shi wane ne ba."

A shago, muna shimfiɗa kaya, sauran maganar ta fito kaɗan kaɗan. Ashe a lakwal ba wanda ya san yana jin Hausa. Mosanci yake yi da abokansa, Faransanci da mushe. Tun yana firamare wasu yara suka riƙa tsokanarsa da kwaikwayon maganar masu yawo da kayan koli, suna tambayarsa yaushe zai koma garinsu, shi da kakansa ma a Wagadugu aka haife shi. Da ya canza makaranta sai ya rufe bakinsa. Ya ce ranar da na je biyan kuɗin makaranta da babbar riga da hula, ya hango ni, ya zagaya bayan aji har na tafi. Ya faɗi wannan kansa a ƙasa. Sannan da muka je Maraɗi da Babbar Salla, 'ya'yan ƙanena suka yi ta dariyar Hausarsa, suna kiransa Bamoshe. Nan ba ɗan gida ba, can ba ɗan gida ba. Na ƙarshen shi ya fi yi masa nauyi: ya ji ina gaya wa abokaina cewa da ya gama aji huɗu na kwaleji zan zaunar da shi a shago, shi kuma karatun aikin asibiti yake so, yana tsoron ya faɗa.

Shekara 13 yaron nan yana kwana ƙarƙashin rufina da wannan kaya a kansa, ban sani ba. Wani ɗan wasan Bature a allo ya riga ni sani.

Na yi ta tunanin me ya sa mu ba mu shiga irin wannan ba. A Zangwatin muka tashi, sunan ma da Mosanci yana nufin wurin Hausawa. Ka fita ƙofa Hausa, masallaci Hausa, mai tsire Hausa. Muna jin Mosanci sarai, muna abota da Mosawa har da auratayya, amma da dare muna da wurin komawa. Gidanmu mutum ya fi arba'in. Bayan tuwo sai mu taru wurin Goggo, yayar mahaifina, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Kuma in za a faɗi gaskiya, tatsuniyoyin Goggo cike suke da abin da ya fi na Merlin: Dodo mai haɗiye gari, aljanu a gindin tsamiya, 'yar bora da aka aika ɗebo ruwan Bagaja ta tarar da cinya da kare suna magana, Gizo da ke zuwa bikin sama da aron fuka-fukai. Ba wanda ya taɓa cewa Goggo tana koya mana shirka. Tana kallon fuskokinmu tana ba da labarin. In ta ga ƙarami ya tsorata sai ta sassauta, in ta san wani ya yi rowa da rana sai rowa ta shigo tatsuniyar dare. In ta gama kuma ta ce ƙurunƙus, ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shirga. Da aka watsa unguwar, tsofaffin suka rarrabu, kowa ya koma gidan mutum shida ko bakwai. Gurbin Goggo shi na cike da na'urar Lome, na kuma yi mamaki da na'urar ba ta yi aikin Goggo ba.

Shawarar da muka yanke ni da mahaifiyarsa mai sauƙi ce. Daren Alhamis, da yake babu makarantar allo, za a kalli kashi ɗaya, ni ma ina zaune in ina gari. Sharaɗi ɗaya na sa: mahaifiyarsa ba ta jin Faransanci, don haka Abba ne zai riƙa tsayar da faifan yana fassara mata da Hausa. Da farko abin dariya ne. Ya rasa yadda zai ce sulke, ya rasa yadda zai ce magaji, ya ce wa kurkuku "gidan ɗaure mutane". Uwar ta gyara masa, ni in ƙara. Kafin mu gama zango na biyu yaron nan yana cewa "ranka ya daɗe" da muryar bafade, ƙannensa na faɗuwa don dariya. Ni ma ina da nawa tsayarwar. Inda aka nuna ana kiran matattu ko ana yanka don wani abin bauta, sai in ce a dakata, in tambaye su me addininmu ya ce a kan wannan, su amsa, mu wuce. Akwai kashin da na ce ƙananan su je su kwanta. Kuma wani dare, bayan an nuna asirin Uter, na kira Abba shi kaɗai na ba shi labarin ƙullin da na binne. Ban taɓa ganin ya dube ni irin duban ranar ba. Ina tsammanin raini zai biyo baya, sai ga shi daga ranar ne ya fara kawo mini maganarsa ba sai na tambaya ba.

A kashi na ƙarshe, Artur ya sami mummunan rauni a yaƙi, Merlin ya gaya masa gaskiyar da ya ɓoye shekara da shekaru. Da farko Artur ya juya masa baya. A hankali, cikin tafiyar da suka yi yana jinya, ya gane wanda ya yi ta tsare ransa duk tsawon lokacin, ya gode masa, sannan ya cika. Abba ya kasa fassara wurin, muryarsa ta sarƙe. Uwar ta ce ya bari, ta gane. Ni abin da na riƙe shi ne Artur ya sani, amma a makare.

Ban zaunar da Abba a shago ba. Ba da daɗin rai na haƙura ba, don ina bukatar hannu, sai da na ɗauki yaron wani ina biyansa. Yau ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti. Ya ce mini in aka kawo direba ko ɗan koli daga Nijar ko Najeriya wanda ba ya jin Faransanci ko Mosanci, shi ake kira.

Yanzu zamani ya ƙara gaba. Faifai ya mutu, sola ta shigo, kowane yaro da waya a hannu shi kaɗai a lungu, ba ma abin da uba zai karya. Kwanan baya autata ta nuna mini wani zanen kwamfuta mai suna Iyanu, wanda ya fito a 2025, labarin wata marainiya mai baiwa a ƙasar Yarbawa, daga littafin wani ɗan Najeriya, Roye Okupe. Na ce mata ta matso mu gani tare. Ina kallo ina tunanin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga tun 1934, da tatsuniyoyin Goggo da ba wanda ya rubuta. Muna zaune a garin da ake bikin fina-finan Afirka na FESPACO tun 1969, amma jikokinmu ba su da wani yaro Bahaushe a allo da za su ce wannan irina ne. Wannan aiki ne na masu fim da masu kuɗinmu, ina fata wani zai ji.

Abin da ke hannunmu mu iyaye bai kai wannan wahala ba. Ɗan'uwa, in ka dawo daga tafiya ka tarar da yaronka ya nutse cikin wani kallo, kafin ka ƙwace ka zauna ka ga kashi ɗaya har ƙarshe. Ka tambaye shi wa ya fi so a ciki, kuma don me. Abin da ya saɓa wa addini ka faɗa masa ba kwana-kwana, abin da bai dace da shekarunsa ba ka hana. Amma amsar da zai ba ka a kan wancan tambaya, ka riƙe ta da kyau, don sau da yawa labarin kansa yake ba ka.

Ɓarin faifan nan guda Abba ya ba ni ranar da zai tafi wurin aikinsa, ashe duk shekarun nan yana cikin akwatinsa. Yana nan a aljihun teburin shago, tare da littafin bashi.